Sumar Kasmuri Wanzami

A bakin kasuwar Sumbergayam, ƙarƙashin tsamiyar da ke kallon tashar mota, nan Mbah Kasmuri, wato Kaka Kasmuri, ya shafe shekara arba'in da wani abu yana aski. Kujerar katako ce guda ɗaya, sai madubin da ya rataye a jikin tsamiyar, sai akwatin aska da almakashi. Duk namijin da ya girma a garin nan ya taɓa sunkuyar masa da kai, daga mai gari har ɓarawon kaji. Amma shi nasa kan, ba mai rai da zai ce ya ga aska ta hau shi. Suma ce da shi wadda in ya kwance ta sai ta wuce kwankwaso, fara fat, yakan naɗe ta ya cusa cikin baƙar hula. Hular ba ta taɓa zama daidai ba, kullum a karkace take.

Masu zuwa aski ba sa gajiya da tsokanarsa.

"Mbah, ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa."

"Zauna daidai, kar in haɗa da kunnen."

Matarsa, Mbah Painem, ita ke wanke masa sumar duk Juma'a, ta shafa man kwakwa ta taje. Tana yi tana mita. Ta ce ita dai miji ɗaya ta aura, amma kai biyu take gyarawa, kuma nasa ya fi nata cin mai. Mita kawai take yi, bakin Painem ne da zafi amma hannunta da sanyi.

Kowa a garin ya san asalin sumar, ko da yake in ka tambayi Kasmuri sai ya ƙara rikita ka, don shi kansa yaƙin bai gama zauna masa a ka ba. Yana saurayi, ɗan wanzamin gari, aka wayi gari Japanawa sun bar barikinsu. Bayan 'yan kwanaki wani mutum a saman jirgin ƙasa ya yi ihu cewa an samu 'yanci, jirgin ya wuce kafin a tambaye shi daga hannun wa. Daga baya labari ya zo wai Turawan Holan na dawowa su karɓi ƙasar kamar kayan da suka ba ajiya. Sai Kiyai Mursid, malamin garin, ya tara samari a farfajiyar masallaci, aka sassaro gora aka fiƙe bakinta, ya bi ɗaya bayan ɗaya yana tofa addu'a. Wannan ita ce rundunar sa-kai ta Sumbergayam: samari goma sha wani abu, kowa da mashin gora, bindiga ɗaya da ba ta tashi sai ta ga dama, da shugabansu Pak Wiryo, wanda aka zaɓa saboda shi kaɗai ke da usur.

A lokacin samarin yaƙi ko'ina alwashi suke yi ba za su yi aski ba sai Holan sun bar ƙasar. Kiyai Mursid ya ƙara nasa a kai. Ya haɗa su biyu-biyu, kowa ya riƙe gashin goshin ɗan'uwansa, suka rantse cewa hannun da ya riƙe wannan gashi shi ne zai fara yanke shi ranar da aka gama. Malam ya ce ya yi haka ne don kowa ya kula da ran abokinsa, in ba haka ba ya mutu da suma. Aka yi dariya. Kasmuri ya riƙe na Dulkamid, Dulkamid ya riƙe nasa. Tare suka tashi, tare suka yi kiwon agwagi, tare aka yi musu kaciya, kuma Dulkamid ne kaɗai yake kiransa Muri.

Abin da ya biyo baya, Kasmuri yakan ce kamar an saka shi a kwando ne an girgiza. Da farko aka ce su tafi birni su yaƙi Holan. Suka je a ƙafa, suka tarar waɗanda ke harbi ba Holan ba ne, wasu baƙaƙe ne dogaye, aka ce Indiyawa ne, sojojin Ingila. Pak Wiryo ya busa usur, samari suka yi kabbara suka taso, sai suka ji daga can bayan buhunan yashi su ma ana amsa musu da kabbara. Kowa ya tsaya sororo. Kasmuri ya juya ya tambayi Dulkamid, "To waɗannan kuma namu ne ko nasu?" Dulkamid ya ce, "Ka kwanta dai tukuna, in harbin ya tsaya sai mu tambaye su."

Bayan shekara biyu ko uku kuma aka ce su kama wata rundunar sa-kai ta ƙauyen gaba, masu ɗaura jan ƙyalle, wai sun bauɗe. Su ma sumarsu har kafaɗa, su ma sunan ƙasar suke kira, kuma a cikinsu akwai ɗan gwaggon Kasmuri. An yi kwana da kwanaki ana zagayen juna a gonar rake, daga baya aka ce an sasanta, ba wanda ya faɗa musu a kan me aka yi faɗan. Aikin Kasmuri a duk wannan shi ne ɗaukar tukunyar shinkafa, da cire wa mutane kwarkwata in an zauna, don suma ba ta zuwa ita kaɗai. Bature ɗan Holan kuwa sau ɗaya tak ya taɓa gani kusa da kusa. Ya zaga bayan wani kurmin ayaba, sai ga wani jan yaro a tsugune, ciki ya ɓaci, bindigarsa jingine can gefe. Suka kalli juna. Kasmuri ya ga bai dace a dami mutum a wannan hali ba, ya juya ya tafi. Har ya tsufa yana tunanin ko kuskure ya yi.

A shekarar ƙarshe ta yaƙin, sai gishiri ya yanke musu. Holan sun riƙe babban garin da kasuwarsa, kuma duk saurayin da suka gani da suma kama shi suke yi. Dulkamid ya ce zai je. Ya naɗe gashinsa cikin malafar manoma, ya ɗauki kwando, ya haye gadar gora da ke kan kogi. Bai dawo ba. An bincika ta hannun mata 'yan kasuwa, wata ta ce ta ga an jefa shi mota, wata ta ce ba shi ba ne, wata ta ce ai ta gan shi yana cin taliya hankali kwance. Uwarsa Mbok Tumi ta yi ta zaman jira a bakin ƙofa har ta koma ga Mahaliccinta.

Da aka ce Holan sun tafi, aka taru a masallaci aka yi askin. Kowa abokinsa ya fara yanka, Kasmuri ya ƙarasa da askar ubansa, daga nan ma sana'ar ta kama shi. Waɗanda abokansu suka mutu aka ga kabarinsu, Kiyai Mursid da kansa ya yanke musu. Da aka zo kan Kasmuri sai malam ya ɗaga almakashi ya tsaya. Ya ce, "Naka ba mu ga gawa ba. Mu ɗan jira." Damina ba ta zagayo ba malam ya rasu. Shi ke nan Kasmuri ya shiga ɗan jiran nan, ya yi aure a cikinsa, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su.

Abu ɗaya ne a yaƙin nan da Kasmuri yake ba da labarinsa da ƙarfin gwiwa, shi ne korar ɗan leƙen asiri. Duk watan Agusta, ranar bikin 'yanci, makarantar firamare kan gayyace shi ya faɗa wa yara. 'Yan watanni bayan ɓatan Dulkamid, wata ranar ruwa da la'asar, suna gadin gada sai ga mutum ya taso daga wancan ƙetaren. Kansa ƙwal-kwabo, ga koriyar riga irin ta sojan Holan, ramamme, fuska a kumbure. A wancan zamanin ba a tambayar mutum takarda, kansa ake kallo. Mai suma namu ne, mai ƙwal-kwabo yaron Bature ne, haka kowa ya sani. Mutumin ya zo tsakiyar gada yana ɗaga hannu yana wata magana da dusasshiyar murya, ruwa da kogi suka cinye ta. Pak Wiryo ya busa usur. Aka yi masa ruwan duwatsu, wani ya wurga mashi ya same shi a kafaɗa, ya faɗa kogi ruwa ya tafi da shi. Wannan ce nasara ɗaya tilo da rundunar Sumbergayam ta taɓa samu ita kaɗai, ba wanda ya taya ta.

Wanda ya wurga mashin ne ba a taɓa daidaitawa a kai ba. Lokacin da tsofaffin ke raye kowa cewa yake shi ne, har an taɓa ba hamata iska a kan maganar a wani gidan biki. Da suka ƙare saura Kasmuri, sai mashin ya zama nasa, tunda ba mai ja. Wata shekara ya ce da dama ya jefa, wata shekara da hagu. Painem ta ce in ya ƙara shekara biyar a duniya sai ya ce da haƙori ya jefa.

Zaman lafiyar sumar ya ƙare ne shekarar da 'yarsu Sumirah ta biya musu kujerar Makka su biyu. Gari ya ɗauka, ana ta zuwa taya murna. Kasmuri ma ya yi murna har da hawaye, sai da aka fara koya musu aikin hajji a masallaci, aka zo wurin da aka ce in an gama jifa da yanka namiji zai aske kansa. A nan murna ta koma ciki. Aski ya zo gaban goshi.

Ya sami Gus Badrun, jikan Kiyai Mursid, wanda ke limanci yanzu, yaro mai haƙuri da ya yi karatu a Masar.

"Mbah, wannan ai mai sauƙi ce," in ji Gus Badrun. "Rantsuwa tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, ka fita. Kuma ba dole sai ka aske duka ba, a mazhabarmu ko gashi uku aka yanke ya wadatar."

"To wa zai yanke ukun, Gus?"

"Kowa ma. Ko Mbah Painem."

"Kakanka bai ce kowa ba."

"Kakana ai don yaƙi ya faɗa, Mbah. Yaƙi ya ƙare."

Kasmuri ya murza hularsa. Bai iya gardamar malamai ba, kuma ya san yaron gaskiya ya faɗa. Amma abin da ke cinsa ba hukunci ba ne. Muddin sumar nan tana kansa, to Dulkamid yana wani wuri, bai dai iso ba ne. Ranar da wani hannu ya yanke ta, shi Kasmuri ne da kansa ya binne abokinsa ba wanka ba salla. Wannan yake tsoro, kuma ya rasa yadda zai faɗa wa yaron da aka haifa bayan an gama komai.

A gida Painem ba ta saurara masa ba. Ita Pak take ce masa, wato baba, shi kuma ya ce mata Mbok, wato inna.

"Pak, ɗakin Allah za ka ƙi saboda gashi?"

"Ban ce na ƙi ba, Mbok."

"To me ka ce?"

"Ban sani ba tukuna."

"Shekara nawa kana ban-sani-ba? Ni zan tafi. In na dawo Hajiya, kai ka zauna a nan ka zama Alhajin kwarkwata."

Ba wai bai taɓa nema ba. Kasmuri yana da wata aƙida cewa kai ba ya ƙarya. Dulkamid yana da wurin juyin gashi biyu a tsakar ka, irin wanda muke cewa na masu taurin kai ne, don haka duk baƙon da ya zauna a kujerarsa aka ga juyi biyu, sai ya sha tambaya: ɗan waye kai, waye kakanka, daga ina kuka taso. Wannan bincike ya kai shi garuruwa. Ya taɓa kwana a mota ya je ya tarar kakan yaron Basine ne mai shagon magani. Ya taɓa zuwa wani gida aka ɗauka neman aure ya zo, aka kawo masa shayi da bazawara. Tun mutane na tausaya masa har abin ya koma abin dariya.

Saura 'yan makonni tafiya, wani direban motar gishiri mai suna Sarpin ya tsaya aski. Kasmuri ya buɗa gashinsa da mataji, sai ga juyi biyu. Ya dakata da askin.

"Ɗana, waye kakanka?"

"Na wajen uwa ko na uba? Duka masunta ne, Mbah, kuma duka teku ta cinye su."

"Ba wanda ya fito daga nan wajen?"

"Ko ɗaya. Mu tun kaka da kakanni a bakin ruwa muke."

Kasmuri ya ci gaba da aski. Direban kuwa mai surutu ne. Ya hango jelar farar suma da ta zubo daga hular tsoho ta cikin madubi, ya yi dariya.

"Mbah, kai kam kar ka zo ƙauyenmu da wannan. Akwai wani tsoho, Mbah Gundul muke ce masa don tunda muka san shi kansa ƙwal-kwabo ne. Yanzu hankali ya fara barinsa. Da ya hango samarin nan masu tara gashi sai ya ruga bayan buhunan gishiri yana ba su haƙuri. Shi ma an ce ba ɗan garin ba ne, kogi ne ya kawo shi zamanin yaƙi."

Kasmuri bai gane abin da ya ji ba, amma duk da haka sai da ya nemi wuri ya zauna. Me ya haɗa Dulkamid mai suma da wani mai ƙwal-kwabo? Ba komai. Ya faɗa wa kansa haka har ya isa gida. Da ya ba Painem labari, ya zaci za ta yi masa tatas. Sai kawai ta ce, "Wannan karon da ni za a je. In bazawara aka kawo, ni zan sha shayin."

Suka bi motar haya zuwa bakin teku, suka ƙarasa a bayan motar Sarpin. Ƙauyen fili ne fetal, ramukan gishiri ko'ina suna ƙyalli, ba inuwar kirki. Gidan na bakin hanya. Wata mata mai kimanin shekara arba'in, Warsini, ta tarbe su, ta ce ita ce 'yar tsohon. Ta ce sunansa na gaskiya Dul, iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan, kuma bai taɓa ambatar garinsu ba. Kasmuri ya tuna cewa a ƙasar nan in ka jefa dutse a kasuwa sai ya faɗa kan wani Dul.

Tsohon na zaune a kan gadon gora a baranda, ba riga, yana kallon hanya. Ƙanƙane ne, baƙi, ba haƙori, kansa sumul kamar ƙwarya. Kasmuri ya tsaya ya dube shi ya sake dubawa, bai ga kowa a fuskar nan ba. Ya yi sallama, tsohon ya amsa da ladabi kamar yadda ake amsa wa mai karɓar haraji. Kasmuri ya ji kunya ta kama shi, ga wata tafiyar banza kuma, har da jawo mata. Zafi ya dame shi, ya cire hula don ya share gumi, ya manta da gargaɗin direba. Sumar ta warware ta zubo.

Tsohon ya zabura. Ya ja da baya har ya haɗu da bango, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ni ne," ya ce. "Kar ku jefa. Ni ne Dulkamid, ɗan Mbok Tumi. Su suka aske ni, wallahi ba ni na yi ba. Pak Wiryo, ka bari in ƙaraso. Ni ne."

Da ya ɗaga hannun ne Kasmuri ya ga tabon, wani tsohon rami a kafaɗar dama, wanda fata ta tattare a kansa.

Warsini ta rungume uban tana lallashi, tana yi musu bayani ta kan kafaɗarsa. Ta ce da yana da hankalinsa sau ɗaya ya taɓa ba uwarsu labarin. Holan sun kama shi a kasuwa, suka tsare shi watanni suna duka, suka aske shi don wulaƙanci, da suka gaji suka jefa masa tsohuwar riga suka sake shi. Ya taka har gida, mutanensa suka jefe shi a kan gada. Masu kwale-kwale suka tsamo shi. Bai ƙara komawa ba, ya ce wanda ya rasa gashin rantsuwa ba shi da fuskar da zai nuna. Duk wanda ya tsiro bayan nan aske shi yake yi, wai ba nasa ba ne, har tsufa ya zo ya hutar da shi.

Kasmuri yana jin ta kamar daga cikin rijiya. Labarin da ya yi ta ba yara duk Agusta, suna tafa masa, shi ne wannan zaune a gabansa yana roƙon kar a jefe shi. Ya shiga laluben ranar a kansa. Yana ganin ruwan, yana jin usur. Amma me ke hannunsa? Wani lokaci sai ya ga mashi, har ya ji nauyinsa ya bar tafinsa. Wani lokaci kuma sai ya ga tukunyar shinkafa ce ya rungume don kar ruwa ya shiga. Ya faɗi labarin sau da yawa har na gaskiyar ya goge, ya kasa raba abin da ya yi da abin da ya ƙara. Waɗanda za su iya gaya masa duk suna maƙabarta, kuma ko da suna raye kowa cewa zai yi shi ne. Ya rasa ma a kan wane laifi zai nemi gafara.

Painem ce ta taɓa shi. Muryarta ba zafi ko kaɗan.

"Pak, kar ka tsaya a kansa haka, tsoro kake ba shi. Durƙusa."

Ya durƙusa a gaban gadon, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kamo hannun Dulkamid a hankali, ya ɗora a gashin goshinsa, ya matse yatsun a kai kamar yadda aka yi a farfajiyar masallaci. Tsohon ya so ya fizge, sai kuma yatsun suka riƙe da kansu. Ya daɗe yana kallon fuskar da ke ƙarƙashin hannunsa.

"Muri?"

"Na'am."

"Me ya sami gashinka ya yi fari haka? Gari ka ɗauko?"

"Gari ne."

"Ban samo gishirin ba, Muri. Sun ƙwace kwandon."

"Ba komai. An samu daga baya."

Kasmuri ya buɗe akwatinsa, don wanzami ba ya tafiya ba kayan aiki, ya ciro almakashi ya miƙa masa. Dulkamid ya kalli almakashin, ya maida hannunsa baya, ya rage murya.

"Holan sun tafi ne?"

"Sun tafi."

"Ka gani da idonka?"

Kasmuri dai bai ga tafiyarsu ba. Zuwansu ma gaya masa aka yi, tafiyarsu ma gaya masa aka yi, kamar yadda aka gaya masa komai a yaƙin nan. Guda ɗayan da ya gani a tsugune ya bar shi.

"Ban gani ba," ya ce. "Amma na daɗe ina zaune a bakin tasha, ban ga ko ɗaya ya wuce ba."

Dulkamid ya auna maganar, ya gyaɗa kai kamar ta yi masa. Ya karɓi almakashin ya yi bisimilla. Sai da Warsini ta tallafe masa gwiwar hannu, ya yi ta cizon gashin kaɗan-kaɗan har curin goshi ya faɗo a cinyarsa. Bai tsaya nan ba, ya ci gaba, nan tsawo nan gajere, askin da ko mahaukaci ba zai biya ba. Painem ta shimfiɗa ɗankwalinta tana tsince sumar da ta yi shekara da shekaru tana tajewa. Da ya gaji, Kasmuri ya ɗauki aska ya ƙarasa wa kansa ba madubi. Iskar teku ta taɓa fatar kansa, ya ji sanyi har ƙafa.

"Saura nawa kan," in ji Dulkamid, ya sunkuyo da kai.

Warsini ta buɗe baki za ta yi magana, Painem ta girgiza mata kai. Ba ko sili ɗaya a kan nan. Kasmuri ya nemi ruwa a kwano, ya kaɗa sabulu ya shafa masa kumfa, ya wasa aska a tafin hannu. Ya fara daga goshi, ya bi ta bayan kunne, ya gangara ƙeya, bai tsallake ko'ina ba, kamar yadda yake yi wa kai mai suma. A tsakar ka ya ɗan dakata, yana neman juyin nan biyu da ya yi ta nema a kawunan baƙi. Babu alamarsu, fata ce kawai.

Da ya gama ya goge masa da tawul. Dulkamid ya shafa kansa da hannu biyu, ya yi ajiyar zuciya. Sai kuma damuwa ta dawo fuskarsa, ya kalli hanya.

"Muri, yanzu in na hau gadar, za su gane ni?"

Gadar gora ta daɗe da tafiya, ta siminti ce a wurin, kuma masu gadinta ba sauran ko ɗaya sai wanda ke durƙushe a nan. Kasmuri ya kamo hannun abokinsa ya ɗora a nasa kan, ƙwal-kwabo, har da inda aska ta ɗan yanke shi.

"Tare za mu hau," ya ce. "In jifa ce, yanzu kanmu iri ɗaya ne."

Dulkamid ya ce to. Ya juya ya ce wa Warsini ta nemo masa malafarsa da kwando, ta ɗan zuba gishiri a ciki, don ba ya so ya shiga gari hannu rabbana.